Gyaran Tsohon Gidan Famfo: A Nemo Mai Riƙo Kafin A Sayo Inji

Yau ina so mu gangara bakin kogi, domin abin da ke faruwa a can yana biyo mu har cikin majami'a ranar godiyar kaka. Duk wanda ya taɓa zama a garin da ake noman rani na gwamnati ya san ginin da nake nufi. Babban ɗaki ne na siminti a bakin ruwa, manyan bututai sun sunkuya cikin kogi, ga taransifoma a gefe an kewaye ta da waya. Shi ne gidan famfo. Idan yana ruri, gari yana da abinci, samari kuma suna da aikin yi tun daga Nuwamba har zuwa Afrilu. Idan ya yi shiru, sai gonaki su bushe, 'yan cin rani su cika tasha, bencin matasa a majami'a ya zama wayam, baiko ya ragu, mai bishara ya shiga wata na uku ba a biya shi ba.

Galibin waɗannan gine-gine an yi su ne a zamanin da kuɗin man fetur ya yi yawa a ƙasar nan. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumomin raya koguna guda 11, daga nan aka shiga gina madatsun ruwa da gidajen famfo a ko'ina cikin Arewa. Wato yau injinan da ke ciki sun ba shekara 40 baya, waɗansu suna neman 50. Shi ya sa kusan kowace shekara idan an karanta kasafin kuɗi za ka ji an ambaci gyara da farfaɗowa. Ni ina goyon bayan gyara ɗari bisa ɗari. Amma ra'ayina shi ne, kada a kashe ko sisin kwabo wajen sayo sabon inji sai an amsa tambaya ɗaya a gaban manoma: bayan an yanke ƙyalle, manyan baƙi sun shiga motocinsu sun tafi, wa zai riƙa kula da wannan wuri, kuma daga wace jaka za a riƙa biyan kuɗin kula da shi? Idan ba a amsa wannan ba, za mu sake binne kuɗi ne a ramin da muka binne na farko.

Ina faɗin haka ne domin na yi shekaru ina aikin kanikanci a wani gidan famfo irin wannan, kuma a gabana ya mutu. Injuna huɗu muke da su, uku suna aiki, ɗaya yana hutawa domin ko-ta-kwana. Wata rana boris na inji na biyu ya fara ƙara, muka taɓa gidansa muka ji zafi. Kuɗin boris ɗin a lokacin bai kai na buhun shinkafa biyu ba. Muka rubuta takarda, ta tafi wurin shugaban sashe, daga nan ta tafi hedkwata, daga nan aka ce a jira kuɗin wata uku na gaba. Manoma kuwa suna bakin ƙofa, alkamarsu tana neman ruwa, ba dama a kashe inji. Kafin amsa ta zo, boris ya narke, ya cinye sandar da ke juya farfela. Sai muka kwance sandar injin da ke hutawa muka ɗaura. Shekara ta kewayo, inji na uku ya ƙone kwayil, muka sake komawa kan mai hutawa muka ɗebi abin da ya rage. Da haka huɗu suka zama biyu, biyu suka zama ɗaya. Ranar da na ƙarshe ya tsaya, ba wanda ya yi mamaki. Babu wanda ya saci injin nan, babu wanda ya sa masa wuta. Ƙaramin abu ne aka ƙi yi a kan lokaci, aka yi ta maimaita ƙin yin sa har shekara goma.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda famfo ke tsufa, domin kada 'yan kwangila su rufe mu da Turanci. A cikin kowane famfo akwai farfela, ita ce ke juyawa da ƙarfi tana cilla ruwa cikin bututu. Ruwan kogunanmu kuwa, musamman Binuwai da Gongola, cike yake da yashi. Yashin nan yana goge farfela kullum kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Tana gogewa, tazarar da ke tsakaninta da gidanta tana ƙaruwa, ruwa yana zillewa baya. Inji yana nan yana ruri kamar da, yana shan mai ko wuta kamar da, amma ruwan da ke fita ya ragu. Wanda ya tsaya a waje zai ce komai lafiya. Idan kuma ruwan kogi ya ja baya da rani, ko kainuwa da kachala suka toshe ragar bakin bututu, sai ka ji famfo yana ƙara kamar yana haɗiyar tsakuwa. Wannan ƙarar kumfa ce ke fashewa a jikin ƙarfe, kuma cikin ɗan lokaci takan bar farfela da ramuka kamar wadda gara ta ci. Famfon da ke zaune a kan tudu yana tsotso ba ya iya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 6 zuwa 7, komai ƙarfinsa, saboda haka ja da bayan kogi kaɗan ya isa ya jawo wannan ɓarna.

Ga kuma wutar lantarki. Babbar mota mai juya famfo da layi uku take aiki. Idan ɗaya ya ɗauke, ko wuta ta zo da rauni, kuma na'urar da ya kamata ta kashe ta ta lalace ko an ɗaure ta da waya, cikin 'yan mintoci kwayil ya ƙone. Idan aka ɗauke wuta farat ɗaya, ruwan da ke cikin dogon bututu yakan dawo baya da ƙarfi ya doki bawul, wani lokaci har ya tsaga bututu. Duk waɗannan abubuwa suna da magani, kuma maganinsu giris ne, da baƙin mai, da share raga, da kwashe yashi a bakin shiga, da mutum mai kunne wanda ke rubuta abin da ya ji a littafi kowace safiya.

Bari mu yi ɗan lissafi domin a ga nauyin abin. Idan za ka ba hekta ɗaya ruwa mai zurfin santimita 10, lita miliyan ɗaya kake bukata, wato kimanin tankar mai 30 masu cin lita 33,000. Filin hekta 500 zai sha tanka 15,000 a ban ruwa ɗaya tak, kuma shinkafar rani tana shan ruwa sau da yawa kafin ta nuna. Duk wannan ruwa ɗaga shi ake yi daga kogi zuwa tudu, kuma kowace ɗagawa kuɗi ce. To, a ce sabon famfo yana mayar da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin da aka ba shi ya zama aikin ɗaga ruwa, tsoho kuma ya faɗo zuwa kashi 50. Ruwan da ake ɗagawa da man naira 100,000 yanzu sai an kashe naira 160,000 kafin a same shi. Wannan shi ne dalili mai ƙarfi na masu cewa a yi gyara, kuma gaskiya suka faɗa, balle yanzu da kuɗin man gas ya ninka a 2022, ya haura naira 1,000 kowace lita a 2024. Amma lissafin nan yana nuna wani abu kuma. Sabon injin da aka kawo yau, idan ba a kula da shi ba, zai koma kashi 50 ɗin nan cikin 'yan shekaru. Idan kuma kanal ɗin da ke kai ruwa gona ya tsattsage, to ruwan da aka saya da tsada a ƙasa zai ƙare, ko da injin daga kwali aka fito da shi jiya.

Ƙasar nan ta riga ta biya kuɗin makaranta mai tsada a kan wannan darasi, sai dai ban tabbata mun karɓi takardar shaida ba. Mu ɗauki aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi a jihar Borno. An kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a 1973, aka tsara za a noma hekta 67,000, alkama da sanyi, shinkafa da damina. Aka haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafki zuwa Kirinowa, aka gina babban gidan famfo a can, aka kuma gina tashar wutar lantarki mai amfani da man gas a Sabuwar Marte domin ta juya injinan. A 1979 aka fara noma. Amma tun kafin a gama ginin, tafkin ya riga ya fara gudu. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100 bayan farin shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984. Aka wayi gari hanyar ruwa ta ƙafe, manyan injuna suna tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Ba a taɓa noma ko rabin filin da aka tsara ba. Daga baya, a 2013, rikicin Boko Haram ya mamaye Marte da Kirinowa, ma'aikata da manoma suka watse, kayan aiki suka lalace. Gwamnatoci sun sha yin alkawarin farfaɗo da wurin, kuma addu'armu ce Allah ya maido da zaman lafiya a yi hakan, domin ƙasar tana da albarka kuma mutanenta sun sha wuya. Amma duk ranar da za a yi, tambayar farko ita ce ta ruwa: ina bakin tafki yake tsayawa a shekarar fari, kuma wa zai riƙa kwashe yashi da ciyawa daga hanyar ruwa kowace shekara?

Sai kuma Bakolori, kusa da Talatar Mafara a jihar Zamfara ta yanzu. An gama madatsar ruwan a 1978, aka tsara hekta 23,000. A cikinsu kimanin 15,000 da yayyafi za a ba su ruwa, wato famfo ya tura ruwa da ƙarfi cikin bututai ya fito kamar ruwan sama, sauran kuma ruwa ya gangara da kansa ta kanal. Tun farko ba a yi shawara da masu gonaki yadda ya kamata ba, har rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilun 1980. Da injinan yayyafi suka fara lalacewa, kayan gyaransu kuma sai daga Turai, ga darajar naira ta faɗi daga 1986, sai wannan sashe ya durƙushe, alhali sashen da ruwa ke gangarawa da kansa ya ci gaba da ciyar da mutane. Haka ma Kadawa a jihar Kano, inda ruwan Tiga ke gangarowa ba tare da an ɗaga shi ba, har yau ana noma. Da aka zo gyara da rancen Bankin Duniya na dala miliyan 495 da aka amince da shi a 2014, a ƙarƙashin shirin TRIMING, abin da aka yi a Bakolori ya haɗa da mayar da wani ɓangaren filin yayyafi zuwa ban ruwa ta kanal, aka kuma ba da ƙarfi wajen kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Wannan ya nuna gyara na gaskiya wani lokaci yakan zama canza tsari gaba ɗaya. Ba dole ba ne a maido da abu yadda yake ranar da aka buɗe shi, idan yadda yake ɗin ne ya kashe shi.

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki bai kamata wannan al'amari ya zama mana baƙo ba. A littafin Sarakuna na Biyu, sura 12, akwai labarin gyaran Haikali a zamanin sarki Yowash. Sarki ya umarci firistoci su riƙa karɓar kuɗi daga jama'a su gyara duk inda ya tsage. Kuɗi yana shiga, shekaru suna wucewa, har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara komai ba. Lura fa, nassin bai kira firistocin ɓarayi ba. Kuɗin gyara ne ya gauraya da sauran kuɗi, kuma aikin kowa ya zama aikin ba kowa. Sai aka canza tsari. Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade. Idan kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, su miƙa wa masu lura da aiki, su kuma su biya masassaƙa da magina, su sayi katako da dutse. An kuma hana a taɓa kuɗin nan domin yin tasoshin azurfa da na zinariya ko ƙahoni. Na gyara ne, a gyara ya tafi. Haikali ya gyaru.

Abubuwa uku ne a labarin nan: jaka dabam domin gyara, mutum fiye da ɗaya wajen ƙirga, da hana kashe kuɗin gyara a kan kayan ado. Su ne kuma abubuwa ukun da gidajen famfonmu suka rasa. Kuɗin ruwa da manoma ke biya yakan tafi can sama ya gauraya da sauran kuɗin gwamnati, ranar da ake neman boris kuma sai a rubuta takarda a jira. Idan kuɗin gyara ya fito, kashi mai tsoka yakan tafi wajen fenti, da allon sanarwa, da sababbin motoci, da rumfunan biki. Waɗannan su ne tasoshin azurfa na zamaninmu.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata a yi duk inda aka ce za a gyara gidan famfo. Da farko a yi bincike na gaskiya kafin a rubuta kwangila, kuma a yi shi tare da tsofaffin masu tuƙa injin da manoman da ke ƙarshen kanal, domin su suka san inda ciwon yake. A auna ruwan da kowane famfo ke fitarwa da wutar da yake sha. Sau da yawa za a tarar ginin siminti da manyan bututai suna da sauran rai, abin da ake bukata shi ne sabuwar farfela, da naɗa kwayil, da sabon allon wuta, a kan kuɗin da bai kai na sabon gini ba ko kusa. Na biyu, a duba bakin shigar ruwa a watan Afrilu, lokacin da kogi ya fi ja da baya. Kogi yakan canza hanya cikin shekara 40, kuma ba amfanin sabon inji a inda ruwa ya bari. Na uku, a faɗa wa manoma a fili da me za a juya injin, kuma nawa zai ci kowace hekta. Idan da hasken rana ne, alheri ne, amma a sani da rana kawai yake aiki, saboda haka sai an yi tafkin ajiya, sai an sami mai goge ƙurar hunturu daga faifan, sai kuma an sami mai gadi. Na huɗu, a sayo irin injin da bakanike a Kano, ko Jos, ko Yola zai iya buɗewa ya sami kayan gyaransa. Gara ƙanana shida masu kama da juna da manya biyu waɗanda sai an kira Bature. A sa cikin kwangila cewa ɗan kwangila zai bar kayan gyara na shekara biyu da littafin injin, ya kuma koya wa samarin garin aikin kafin a biya shi kuɗin ƙarshe. Na biyar, shi ne akwatin Yehoyada: ƙungiyar manoma mai rajista, da asusunta na banki, wadda wani sanannen kaso na kuɗin ruwa zai riƙa tsayawa a hannunta domin giris, da boris, da ladan mai tuƙi, ba tare da an jira hedkwata ba.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan raina hujjarsu ba. Wani zai ce manomi talaka ne, ga tsadar taki, ga tsadar iri, yaya za a ƙara masa kuɗin ruwa? Amsa ita ce yana biya tun tuni, sai dai ta hanya mafi muni. Wanda shinkafarsa ta ƙone saboda inji ya tsaya mako biyu lokacin da take fitar da kai, ya yi asarar taki, da iri, da wahalar wata uku. Wannan ya fi kowane kuɗin ruwa tsada. Abin da manomi ke ƙi shi ne ya biya bai ga ruwa ba, kuma yana da gaskiya. Idan ya ga inda kuɗinsa ya shiga, zai biya. Ana kuma iya karɓa da kaka, ko da a buhu ne, lokacin da hannunsa ke da nauyi.

Wani kuma zai ce a bar manyan gidajen famfo su mutu kawai, a raba wa kowa ƙaramin inji. Gaskiya ne tun da aka fara shirin Fadama a farkon shekarun 1990, ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi sun canza rayuwar dubban iyalai, kuma sun yi nasara ne domin kowane inji yana da mai shi. Amma ƙaramin inji na wanda gonarsa ke bakin ruwa ne, ko wanda ruwan ƙasa ke kusa da shi. Mai gona a kan tudu, kilomita 3 daga kogi, tiyo ba zai kai masa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma, da yawa sun jingine injinansu. Babban famfo mai lafiya yana ɗaga ruwa da araha fiye da ƙanana ɗari masu shan fetur. Abin da ya kamata mu koya daga ƙaramin inji shi ne sirrinsa, wato yana da mai shi, sai mu ba babban shi ma mai shi.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, me ya kawo shi shafin ikkilisiya? Ban sauke wa gwamnati nauyinta ba. Madatsar ruwa, da babban kanal, da layin wuta, da sauya manyan injuna idan sun ƙare, duk nata ne, kuma dole mu riƙa tuna mata. Daren 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangaren Maiduguri, ya shiga gidaje, da asibitoci, da masallatai, da majami'u, bai tambayi kowa addininsa ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa kula da kayan ruwa maganar rai ce. Amma tsakanin gwamnati da gona akwai wani gurbi wanda mu ne za mu cika shi. Mutanen da ke zaune a benci ranar Lahadi su ne ke cikin gona ranar Litinin. A cikinmu akwai wanda ke fasa kanal da dare ya sace ruwan maƙwabci. Akwai wanda ya noma hekta biyu ya rubuta ɗaya. Akwai ma'aikacin da ya sayar da man injin, ya kawo zakka daga cikin kuɗin. Akwai injiniyan da ya sa hannu a takarda cewa an kawo sabon famfo, alhali ya san tsoho ne aka yi wa fenti. Idan mimbari bai taɓa wannan ba, to wa zai taɓa?

Ikkilisiya kuma tana da abin da wuraren nan suka rasa. Mun saba zaɓen ma'aji da magatakarda, mun saba ƙirga baiko mutum biyu ko uku, mun saba karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a. Manzo Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, sai da aka haɗa shi da waɗanda jama'a suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi, kamar yadda muke gani a Korintiyawa ta Biyu sura 8. Zumuntar mata a ƙauyukanmu takan riƙe littafin kuɗi shekara da shekaru ba a rasa kwabo ba. To, wannan tarbiyya mu kai ta ƙungiyar masu ruwa. Ban ce ikkilisiya ta karɓe gidan famfo ta sa masa gicciye ba, wannan zai zama kuskure babba. Kanal ɗaya ne ke bi ta gonar Kirista da ta Musulmi, saboda haka ƙungiya ta kowa ce, a zauna tare, a zaɓi masu gaskiya daga kowane ɓangare. Abin da nake roƙo shi ne namu su shiga, su halarci taro, su fara biya kafin kowa, idan an zaɓe su kuma su riƙe amana. Na ga garin da mutanen da ba sa gaisawa a kasuwa suka koma cin abinci a kwano ɗaya saboda ranar kwashe yashin kanal ta haɗa su.

Akwai mutum biyu da nake so namu su tsaya musu a cikin ƙungiya. Na farko shi ne mai gona a ƙarshen kanal. Ruwa yakan ƙare kafin ya kai gare shi, kuma sau da yawa gwauruwa ce, ko baƙo, ko ɗan gudun hijira, domin masu ƙarfi sun riga sun kama wurin da ke kusa da famfo. A yi jadawalin ban ruwa a rubuce, a manna shi inda kowa zai gani, wani mako a fara daga ƙarshe. Na biyu shi ne makiyayi. Da rani ruwan kanal shi ne ruwan da ke kusa, kuma idan ba a yi wa shanu mashaya da hanya ba, za su sauka inda suka ga dama, su rushe bakin kanal, su shiga gona, daga nan sai abin da ba ma fata. Mashaya ɗaya ta siminti a cikin tsarin gyara ba ta kai kuɗin rumfar biki ba. Ishaku ma da ya sake tone rijiyoyin mahaifinsa Ibrahim, kamar yadda Farawa sura 26 ta nuna, sai da ya sha jayayya da makiyayan Gerar a kan ruwa, bai kuwa huta ba sai da aka sami wurin da ya ishi kowa.

Ina kira ga fastoci da dattawa a duk garin da ke da irin wannan gini, ko yana aiki ko ya mutu. Ku je ku gan shi da idonku, ku zauna da mai tuƙa injin ku tambaye shi abin da ke damunsa. Idan kun ji an ba da kwangilar gyara, ku haɗa kai da mai gari, da limamai, da shugabannin manoma, ku nemi a karanta muku abin da ke cikin takardar: inji nawa, wane iri, wa zai koya wa yaranmu, wace jaka za ta riƙe shi bayan an tafi. Tambaya cikin ladabi ba rashin biyayya ba ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ofisoshin raya karkara na ɗarikunmu su taimaka wajen koya wa ƙungiyoyin nan riƙon littafi. Iyaye kuma su ƙarfafa wa samari gwiwa su koyi kanikancin famfo da aikin wuta, domin mu da muka san injinan nan muna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Iyayenmu sun ga ranar da aka kunna injinan nan, sun yi murna, sun ɗauka yunwa ta ƙare. Mu kuma mun ga ranar da suka tsaya. Idan Allah ya ba mu zarafin gyarawa, to kada mu bar wa 'ya'yanmu labari iri ɗaya. Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba mu aminci cikin ƙaramin abu, ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu, ya maido da waɗanda aka kora daga nasu gonakin lafiya. Amin.